Yahanasu Mai Daddawa da Ɗorawar Barkiya

Yahanasu maƙwabciyata ce a Barkiya, danga ɗaya ta raba mu. Daddawa take yi, kuma duk mai cin kasuwar Kurfi kafin a samu mulkin kai ya san faifanta. Doguwa ce mai saurin tafiya, ba ta iya zama haka kawai.

A garinmu ɗorawar dajin gabas ta kowa ce, amma ba a taɓa ta sai ta bushe a uwa, mai gari ya sa an yi shela. Ranar sai a fita gaba ɗaya, mu da matan rugar ƙetaren rafi, kowa da gorarta mai ƙugiya.

Wata shekara kalwar Yahanasu, wato 'ya'yan ɗorawar da ake daddawa da su, ta ƙare da wuri. Ranar kasuwa, da gari ya watse, ta ɗauki gora ta je ta kaɗo. Washegari masu itace suka ga karyayyun rassa a ƙasa. Kafin la'asar kowa ya ruga don kada a bar shi baya, aka tsige dajin ɗanye. Kalwar ba ta yi ƙwari ba, duk ta ruɓe a tukunya. Shekarar nan miya lami muka sha.

Da aka nemi wanda ya fara, sai aka ce Inno ce, wata mai tallar nono daga rugar, don an ga ta bi hanyar dajin ranar. Mata suka daina sayen nononta, aka daina gaisawa a rafi. Ba a jima ba mijinta ya kaɗa shanunsa suka koma wajen Dutsin-Ma. Yahanasu tana gani, ta yi shiru. Ni dai na lura in masu nono suka yi sallama a ƙofarta, sai ta shige ɗaki.

Shekaru suka wuce, shela ta zama ba ta da amfani, kowa rige-rige yake yi. Sai aka buɗe ajin yaƙi da jahilci, Malam Sada yana koya wa maza a zaure, matarsa Rakiya tana koya mana a cikin gida. Yahanasu ta roƙi a riƙa ba ta ɗan lokaci bayan karatu. Takan zo da ɗorawa ɗanya da busasshiya ta miƙa mana.

"Ku karya. In ta lanƙwashe, ba taku ba ce tukuna. Ku ciji ƙwallon, in haƙori ya shiga, ku bar ta a uwa."

Ran nan ta ce a kira matan ruga su ma su zauna da mu, in ba haka ba aikin banza muke yi.

Rakiya ta ce, "Yaya Yahanasu, waɗanda suka fara ɓarnar?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba su ba ne. Ni ce."

Sai tsohuwa Azumi ta ce, "Ashe duk zagin da na yi wa baiwar Allah da bakin nan marar haƙori, ni za a tambaya ran gobe."

Matan ruga suka ce ba za su zo ba sai in Inno ta yarda. Yahanasu ta taka har Dutsin-Ma, ta same ta gindin tsamiya da ƙwaryarta, ta durƙusa ta faɗi abin da ya kawo ta.

Inno ta ce, "Ai na sani, 'yar'uwa. Na gan ki ranar da gorarki."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Wa zai saurari mai nono a kan 'yar gari? Na yafe, saboda Allah. Zan aika wa 'yan'uwana su je. Amma ni da Barkiya, a'a."

Matan suka zo, kuma daga bazarar nan aka koma jiran shela. Inno ba ta sake taka garinmu ba. Yahanasu ta ci gaba da koyarwarta har ƙarfinta ya ƙare, kuma duk wadda ta yaba mata sai ta ce, "Ki yi mini addu'a dai." Allah ya gafarta mata, ya gafarta mana.