Ranar da Guduma Ya Juya Baya

Yayana bakanike ne, kuma duk bakin ruwan nan babu mai kiransa da wani suna sai Guduma. Ba don aikin ba. Gudumar ƙarfe tana rataye a shagonsa, da wuya ya ɗauke ta. Ta hannunsa ce ba ta hutawa. Tun muna yara haka yake. Ya fasa wa ɗan maƙwabcinmu hanci a kan ƙwallo, ya karya wa wani direba yatsa don ya ce masa "kai yaro", ni kaina ina da tabo a gira, na murfin tukunya da ya jefe ni da shi ina shekara tara. Ina son yayana, amma ban taɓa zama kusa da shi ba sai na san inda ƙofa take.

Abin haushin, inji bai taɓa shan duka a hannunsa ba. Sai ya wuni yana lallashin noti ɗaya da ya ci tsatsa, yana ɗiga masa mai, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Mutum kuwa, kalma biyu ta yi yawa.

Na ƙarshen da ya daka wani mai fito ne. Gardama ce ta haɗa su a kan wurin ɗaure jirgi. Yaya ya kama shi ta ƙeya ya haɗa bakinsa da gefen kwale-kwale har sau uku. Haƙora huɗu suka zube a ruwa, muƙamuƙi ya goce. Tun ranar ake ce wa mutumin Wawulo, 'ya'yansa ma 'ya'yan Wawulo. Yaya ya yi wata goma sha takwas a gidan yari, alƙali kuma ya gaya masa a gaban kowa cewa in hannunsa ya sake taɓa mutum, shekara bakwai ce babu ragi.

Inna ta haura saba'in, ga ciwon zuciya. Ba ta da shekara bakwai ta jira, dukanmu mun sani. Ranar da ya fito ko ruwa ba ta bari ya sha ba, ta ja shi bayan gida inda jirgin Baba yake a kife tun rasuwarsa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa.

"Ga shi nan," ta ce. "In hannunka ya yi ƙaiƙayi, zo ka huce a kansa, shi ba ya kai ƙara. Ni dai kai nake so ka ɗauki gawata, ba a aika maka da labari ba."

Jirgin gudu ne na faiba, irin robar nan mai tauri, mai cin mutum shida, ya yi shekara goma sha ɗaya yana shan rana da ruwan sama. Cikinsa ya tsage a wuri biyu. Katakon baya, inda ake rataye inji, ya ruɓe kamar burodin da ya jiƙa. Makon farko Yaya bai gyara komai ba, fasawa kawai ya yi. Ya sauko da gudumar nan ya dinga narkar ruɓaɓɓen katako yana gurnani, har maƙwabta suka leƙo ta katanga su ga wa ake kashewa. Da babu sauran abin fasawa, sai ya zauna ya fara aiki. Ya yanko sabon katako, ya shimfiɗa faiba hawa-hawa da gam mai warin da ke sa ido hawaye, ya goge da sanfefa har fatar yatsunsa ta saɓule. Ni tela ce, sai ya ɗora mini ɗinkin kujeru, sau uku yana dawo da su wai ɗinkin ya karkace. Da a da ne, marina zai yi. Yanzu sai ya ajiye ya ce, "Ƙanwata, a sake dubawa dai."

Injin a wurin 'yan gwangwan ya samo shi, a daskare, fistin ya manne. Wata biyu yana jiƙa shi da mai kafin ya motsa. Ya wanke kafireto, ya sa sababbin fulogi, ya miƙe farfela a kan maƙera. Ranar gwaji ya cika ganga da ruwa ya tsoma ƙafar injin a ciki, ya ja igiya. A ja na biyar ya kama. Wani siririn ruwa ya fara tsartuwa daga gefensa.

"Kin gani? Yana fitsari!" Yaya ya ce, bakinsa har kunne.

"Yaya, wace irin magana ce wannan?"

"Sunansa ke nan a wurinmu. Da ruwa yake sanyaya jikinsa, wannan ne shaidar yana sha. In kika ga fitsarin ya tsaya, kashe shi nan take. Minti ɗaya ya isa ya ƙone ƙurmus."

Duk wannan lokaci Wawulo bai huta ba. Ya san maganar alƙali, kowa ya sani. Ba ramuwa da hannu yake nema ba, so yake a dake shi sau ɗaya a gaban shaidu. Kullum sai ya biyo ta ƙofar shago ya tofar da yawu. Ranar da aka yi wa jirgi fenti, washegari da safe muka tarar an ja ƙusa daga kai har gindi. Yaya ya tsaya yana kallo, jijiyar wuyansa na harbawa, sannan ya zagaya bayan shago ya dinga dukan gangar gwajin nan har ta zama faranti. Ya dawo ya sake fenti. Ba zan ɓoye ba, ni kaina ranar na so ya dake shi.

Bayan fentin ya bushe, da hantsi aka saka jirgin a ruwa, bakin gaɓa cike da mutane. Yaya ya ɗaure shi a turke, ya tayar da inji, ya sa giya a hankali don ya ji ƙarfinsa. Farfela na juyawa, ruwa na tafasa a baya, igiya ta miƙe tsam. Sai ga Wawulo ya diro cikin jirgin da filafilin tuƙi a hannu.

"Ɗan fursuna ya zama mai jirgi! Tsohuwar taka ce za ka fara kifarwa?"

Ya kai masa filafilin a kafaɗa. Ƙarar har inda nake tsaye. Ya ƙara masa a baki, leɓe ya fashe, jini ya wanke gaban rigar. Na ga idon Yaya ya juye, na san wannan idon tun ina yarinya. Ya sunkuya ya ɗauko babbar sifana ya ɗaga sama. Mutane suka fara salati. Wawulo ya miƙo masa kai, wallahi murmushi yake yi da dasashi. Ni kuwa Inna kawai nake gani a raina.

Sai sifanar ta tsaya a sama. Yaya ba Wawulo yake kallo ba, bayansa yake kallo. Fitsarin ya tsaya. Wata leda ce ta toshe inda injin ke shan ruwa, daga baya muka gani. Ya saki sifanar, ya raɓa ta gefen mutumin, ya juya masa baya ya miƙa hannu ga inji.

Wawulo ya haɗa hannu biyu ya sauke masa filafilin a ƙeya. Itacen ya rabu gida biyu. Yaya ya kifa a kan injin, shi kuma Wawulo ƙarfin dukan ya kwashe shi, santsi ya ƙarasa, ya faɗa ruwa ta baya daidai kan farfela. Na rufe ido ina ihu. Da na buɗe, babu ƙarar komai. Farfelar ta tsaya, ga Wawulo rungume da ita yana shaƙar ruwa, ko ƙwarzane babu.

Muka kwantar da Yaya a kan yashi, jini na fita ta kunnensa. Can ya buɗe ido ɗaya.

"Na kashe shi?"

Wani ɗan sanda da ya iso a guje ya ce, "Kun ji ko? Da bakinsa ya faɗa."

"Yana nan da ransa, Yaya," na ce. "Ga shi can ana matse masa ciki."

"Wa?" ya ce. "Injin nake tambaya, ke."

Duk da haka da ankwa aka kai shi asibiti, aka ɗaure shi a ƙarfen gado. Sai da mutum goma sha biyu suka je suka rantse cewa bai taɓa kowa ba, sannan aka kwance. An yi masa ɗinki goma sha bakwai, kunnen hagu kuma ya tafi ke nan har yau.

Da la'asar na kawo Inna. Ta shigo tana dogara sanda, ba ta ko kalli kan da aka naɗe da bandeji ba. Hannunsa na dama ta kama, ta juya bayansa, ta bi gaɓoɓin yatsun ɗaya bayan ɗaya da babban yatsanta. Ta ajiye, ta ɗauki na hagu. Baƙin mai ne kawai da busasshen fenti, fata ko ɗaya ba ta fashe ba.

Sai ta zauna a bakin gadon ta riƙe hannun a cinyarta, ta fara kuka.