Guntuwa da Akwatin Ƙanƙara

Ban taɓa mantawa da ranar da na kashe injin motata da hannuna ba, ina ji ina gani, a hanyar wata ruga da ke bayan Tajaye. Ku da kuka shigo aikin lafiyar dabbobi yanzu kuna yi wa motar dariya in na zo gaisuwa buro, wato ofishinmu, to ku saurara ku ji.

A Birnin Konni na saye ta, ta hannu. Ƙarama ce, ƙofa biyu, bayanta a datse kamar an sare shi da adda, shi ya sa abokan aiki suka raɗa mata Guntuwa. Lokacin da abin nan ya faru ta shekara goma sha ɗaya a hannuna, na san tarinta, na san fushinta. Ƙofar direba ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da gwiwa. In za mu shiga rairayi, sai in rage wa tayoyi iska. In injin ya ɗauki zafi kuwa, dabarata ita ce in kunna shofaj, wato abin ɗumama cikin mota, zafin injin ya zubo mana a ƙafafu, mu gasu ita ta huce. Da wannan dabarar na yi shekaru ina shiga dajin da manyan motoci ke tsoro.

Ga wanda bai san aikin ba, kowace shekara muna zagayen yi wa shanu allurar rigakafin ciwon huhu. Maganin a ƙananan kwalabe yake zuwa, kuma ba ya son zafi ko kaɗan. Daga firjin buro sai cikin akwatin ƙanƙara, daga akwati sai jikin saniya. In ya yi ɗumi a hanya ya mutu, amma launinsa ba ya sakewa. Mai shanu ba zai gane ba, shef, wato shugabanmu na buro, shi ma ba zai gane ba.

A ƙarshen zagayen wannan shekarar, zafi ya riga ya sauka, saura rugar Arɗo Buba kaɗai. Dattijo ne mai wuyar sha'ani, don an taɓa sa shi ya tara shanu ya wuni yana jira ba a zo ba. Sau uku ina samunsa a kasuwar Illela kafin ya yarda. Ya ce mini, “Likita, ranar Talata. In rana ta kai tsaka ba ka zo ba, mu mun tahi rijiya, layinmu na. Daga nan kuma sai kudu.” Na ce masa ko da rarrafe zan zo.

Ranar Litinin aka tura babbar motar buro wani aiki. Shef ya kira ni ya ce a ɗage. Na ce, “Shef, in aka ɗage, shanun nan za su ƙetare ba allura, kuma ba zan sake iya duban Arɗo ba. A ba ni magani, zan tafi da tawa.” Ya dube ni ya ce, “Guntuwa?” Na ce ita. Ya sa hannu a takardar fita yana girgiza kai.

Da safe muka tashi ni da Isufu, ɗan Malbaza, muƙaminmu ɗaya da shi. An kwana ba wuta, ƙanƙarar da muka samu rabin abin da muke buƙata ce, sai muka lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen buhu. Muna barin kwalta muka faɗa rairayi, robar ruwan injin ta fara yoyo. Na ɗaure ta da tsumma, na zuba ruwan jarka, muka ci gaba. Sau uku muna tsayawa, a na ukun jarka ta ƙare, allurar zafi kuma tana hawa ja.

Hannuna ya tafi wajen shofaj da kansa, don ya saba. Na taɓa shi, sai na janye. Mota irin wannan ba ta da but na daban, ɗaki ɗaya ne daga sitiyari har ƙofar baya. Akwatin yana bayan kujerata, buhun ya fara bushewa, ƙanƙarar kuma ta koma ƴar kaɗan tana yawo cikin ruwa.

Isufu ya ce, “Malam Sule, kunna mana! Ko ko mu juye ruwan ƙanƙarar ga cikin injin. Wa ka sani? Allura dai allura ta.”

Ban ga laifinsa ba, tausayina yake ji. Ya san ba ni da wata motar, ya san da ita nake kai iyali asibiti da gona. Na ce, “Ni na sani, Isufu. Kai ma ka sani.” Na taka mai. Wallahi raina ya ɓaci, don ina jin injin yana ƙara irin wadda bai taɓa yi ba, ina kuma sane da abin da nake yi masa. Ta ja mu kamar kilomita huɗu, sannan ta yi tari biyu, hayaƙi fari ya turnuƙe, ta tsaya.

Ban ko buɗe gabanta ba. Na cire babbar rigata na naɗe akwatin, na ɗora a ka. Isufu ya kwashi sirinji da ƙarafan shaidar kunne, muka kama hanya da ƙafa. Shekarata hamsin da ƴan kai a lokacin, rairayin yana cin ƙafa, amma ban yarda na sauke ba, don na san in na zauna ba zan tashi da wuri ba.

Mun iso inuwar mutum ta kusa shigewa ƙarƙashinsa, makiyaya sun fara kora. Arɗo ya ɗaga sanda suka tsaya. Ya dube ni ba riga, ya dubi bayana ba mota.

Ya ce, “Likita, ina motar taka?”

Na ce, “Ta mutu, Arɗo.”

“Maganin hwa?”

Na sauke akwatin na buɗe. Ya tura hannu cikin ruwan, ya daɗe bai fitar ba, har ya lalubo ɗan guntun ƙanƙara ya riƙe. Sai ya juya ya yi wa ɗan'uwansa magana da Fulatanci. Jim kaɗan na ga ƙura ta taso daga bayan tudu. Ashe shanun da ke gabanmu ba su ne duka ba. Makiyayi in bai gama yarda da kai ba, tsofaffi da ramammu yake kawo maka, manyan shanun nono da bijimai ya ɓoye su ya ga kamun ludayinka. Ranar nan har su aka fito mana da su, muka yi allura har la'asar, suka bar layin rijiyar ya wuce.

Shanun amalanke ne suka jawo Guntuwa zuwa kwalta. Wata uku ta yi a gareji a Konni, kowa yana cewa in sayar wa masu ƙarfe, na ƙi. Aka sake mata rabin injin, ga ta nan a ƙofa, shekararta ashirin da biyu a hannuna.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu ba mai duba ka a daji. Makiyayi ba ya iya karanta kwalba, abin da yake iyawa shi ne ya miƙa maka dukiyar da ya gada daga ubansa ya ja baya. In ka tsira wa saniyarsa mataccen magani, zai yi maka godiya, ya ba ka nono ka sha, ya kora shanunsa kudu hankalinsa kwance.