Baba Ya Rasu Rana Ɗaya da Sarki

Baba ya rasu rana ɗaya da sarki. Ban faɗi haka don taƙama ba. Shi kansa da an ba shi zaɓi da ya matsa gaba ko baya, don mutum ne da ba ya son turereniya. Yana gona yana noman farko ya ce wa ƙaninsa, Baffanmu, kansa yana juyawa. Ya zauna a gindin ɗorawa, kafin a kawo masa ruwa rai ya yi halinsa.

Ina gidan aurena a Bacirawa, cikin birni, aka kira ni. A motar da na shiga zuwa Minjibir direba ya kunna rediyo, karatun Alƙur'ani ake yi. Ya murɗa gaba, karatu. Ya sake murɗawa, wani mutum ne da murya a dishe yana cewa an yi babban rashi, uba ya tafi, bango ya faɗi. Duk motar aka ɗauki salati. Ni ina can kujerar baya ina kukan nawa uban, wata mata ta dafa ni ta ce in yi haƙuri, rashin na kowa ne. Ban tanka mata ba, don da na buɗe baki da ba ta ji da daɗi ba.

Kafin in isa an riga an kai shi makwancinsa. A wajenmu gona ba ta ƙarewa sai ta ci karo da katangar wani, ƙauye yana jin tarin ƙauye. Daga inda ɗan acaɓa ya sauke ni zuwa ƙofar gidanmu, babu gidan da na wuce ban ji karatun nan yana fitowa ba. Murya ɗaya ce, aya ɗaya, wannan gida ya miƙa ni ga wancan ba tare da ta yanke ba. Babu yara a waje, ban ji ko sautin taɓarya ba. Gero ya kai gwiwa, yana tsaye shiru. Na san ba don Baba ake yi ba, amma duk da haka na riƙa sauri kamar ana bin bayana.

Mutum ɗaya ce ba ta cikin gidan, kuma ita ta fi kowa cancantar zama a ciki. Gwaggo, yayar Baba, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi bayan mahaifiyarsu ta rasu. Tana zaune a wani ɗan ƙauye can bayan Shanono, inda ta yi aure tun ba a haife ni ba, mijin ya rasu ta ƙi dawowa. Ba ta da waya. Ta ce ba za ta ajiye abin da zai riƙa yi mata ihu a cikin zani ba. Da Baffa kuwa ko gaisuwa ba sa yi, tun wata rigima a kan iyakar gonar gado, a kan layin ciyawar gamba guda ɗaya da akuya za ta cinye kafin azahar. Baba kaɗai ne ya san hanyar gidanta da hanyar zuciyarta.

Abin da ke haɗa su shi ne rediyo. Akwai filin gaishe-gaishe da ma'aikatan wani gidan rediyo suke zuwa kasuwa su naɗi muryoyin mutane, kowa ya gaida nasa da bakinsa, sai a saka bayan 'yan kwanaki. Baba bai taɓa bari ya wuce shi ba. Zai sa rigarsa ta Juma'a, kamar ana ganinsa ta cikin akwatin, ya bi layi ya gaida Yayarsa. Ita kuma a can, ko tuwo ne a wuta, in lokacin filin ya yi sai ya jira ta.

Haka mutuwa ma. A garinmu in an yi rashi, bayan an dawo daga maƙabarta, sai a tashi mutum ya kai sanarwa gidan rediyo. Da zarar an ce “an kai rediyo”, to an fita haƙƙin kowa, na kusa da na nesa. Wanda bai zo gaisuwa ba bayan haka, shi ya ga dama. Ba a sake aika kowa, don aikawa ma kamar zargin mutum ne da rashin zumunci. Baffa da kansa ya shiga birni washegari, ya dawo da yamma a gajiye ya ce ya sha wuya kafin ya sami mai karɓa, kowa yana kan hidimar rasuwar sarki, amma dai sun karɓa. Ya zauna a tabarma ya ce, “An kai rediyo.” Kowa ya ce madalla.

A gidanmu babu mai saurare. Inna ta shiga takaba, ta ɗauki rediyon Baba, ɗan baƙi da aka ɗaure bayansa da robar tayar keke, ta rataye a ƙusa a ɗakinsa. Amma ba ka bukatar naka rediyon a wannan mako, na maƙwabta ya ishe ka. Safe da yamma abu ɗaya ne: karatu, tarihin marigayi, wane ya zo ta'aziyya, wane ya aiko wakili, sai a koma karatu. Labaran duniya ma sun tsaya, kamar duniyar ce ta tafi gaisuwa.

Mu mata muna ciki, maza suna waje a ƙarƙashin darbejiya, katanga ce kawai tsakaninmu, komai suka faɗa a kunnena. Mutum zai zo ya yi wa Baba addu'a, kafin ya gama shafa fatiha an koma zancen sarki da rediyo. Liman yana cewa ai shugaba ne, ko wata guda aka yi ana ambatonsa ba a biya shi ba, kuma wace asara aka yi in an rufe kiɗe-kiɗe an saka karatu? Wani tsohon malamin firamare, aminin Baba, shi ne mai ja da shi.

“Liman, ban ƙi karatu ba,” in ji shi. “Amma tashoshin nan duka? A bar mana ko guda ɗaya mana. Taki ya iso ko bai iso ba, ba mu sani ba. Sa ya ɓata a Unguwar gabas, mai shi yana ta yawo a ƙafa. Su kuma sauran bayin Allah da suka mutu a makon nan fa, ba mutuwa suka yi ba?”

“Mutuwa ɗaya ce, amma mutane ba ɗaya ba ne,” in ji Liman.

“To ni dai ban ji an karanta sanarwar kowa ba. Ko ta abokina ban ji ba, kuma kunnena a jikin rediyo yake.”

Nan wani ya sa baki ya ce shi kam kamar ya ji an jero wasu sunaye da sassafe, yana alwala. Baffa ya cafe maganar. Ya ce ai ga shi nan, an karanta, wanda zai zo ya zo. Na san da wa yake. Na aika aka kira min shi zaure.

Na durƙusa na ce, “Baffa, anya Gwaggo ta ji? A tashi mutum mana.”

Ya ce, “'Yar nan, matar da ke kwana da rediyo a ƙarƙashin matashi? Ta ji sarai. Ni ne ba ta son gani, shi ya sa. Bar ta da halinta.”

Ina da baki, kowa ya shaide ni da shi, amma ranar kuka ya ci ƙarfinsa. Aka yi sadakar uku babu Gwaggo. Aka yi ta bakwai babu ita. Mata suka fara gutsuri-tsoma a bakin murhu, wai ashe zumuncin na rediyo ne kawai.

Bayan bakwai da kwana ɗaya ko biyu tashoshi suka dawo hayyacinsu. Aka fara jin tallan magani, aka fara jin waƙa. Har fili aka buɗe mutane suna bugo waya suna gardamar da aka gama yi a ƙofar gidanmu, wannan ya ce an yi daidai, wancan ya ce an wuce gona da iri. Ina ji ta saman katanga ina tsaki. Duk cikinsu babu wanda ya san akwai wata tsohuwa a bayan Shanono.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi wani irin haske rawaya. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, Inna tana bakin ƙofarta da carbi. Baƙi sun watse, gidan ya yi faɗi. Sai na ji tari. Tarin nan guda biyu gajeru da Baba yake yi kafin ya yi magana. Na ɗaga kai na dubi zaure.

“Assalamu alaikum.”

Muryarsa ce. Ta fito ta katangar hagu, ta fito ta ta dama, ta fito daga can bayan gida wajen masu injin niƙa, ko'ina shi ne. Matar da ke daka a maƙwabta ta tsaya cak. Farantin ya zame daga cinyata ban ji faɗuwarsa ba. Ya faɗi sunansa da sunan garinmu, a bayansa ana jin hayaniyar kasuwa, akuya tana kuka, wata yarinya tana tallan ƙosai.

“Ina gaida Yayata,” ya kira sunanta da na ƙauyenta. “Yaya, ina nan lafiya lau, kada ki sa komai a ranki. Ki ajiye min irin farin waken nan naki. In na gama noman farko ina nan tafe. Ina gaida mai ɗakina. Ina gaida 'yata ta Bacirawa, a ce mata ta rage faɗa.”

Ya yi dariya. Mai gabatar da filin ma ya yi dariya ya ce, “To Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.”

Inna ta ce, “Amin.” Sai da kalmar ta fita ta toshe bakinta da gefen mayafi.

A kasuwar ƙarshe kafin rasuwarsa aka naɗa. Rasuwar sarki ta sa aka ajiye, da aka dawo aiki aka ɗauko daga inda aka tsaya. Wannan bayani daga baya na yi wa kaina. A lokacin kuwa na kasa duban ƙofar ɗakinsa. Da na dawo cikin hankalina, abu ɗaya ne ya tsaya min: in mu mun ji, to Gwaggo ta ji.

Na fita ko mayafi ban gyara ba. Na sami Baffa a ƙofar gidansa a tsaye, fuskarsa ta yi fari fat. Yana ganina ya ce, “Gobe da asuba zan tafi da kaina.” Daren nan aka kwana ana ruwa, rafin da ke kan hanyar titi ya cika, babu babur ɗin da zai haye. Da safe yana zauren gidanmu da takalmi a ƙafa yana jiran ruwa ya janye har rana ta take. Gwaggo kuwa ta ɗayan gefen ta tattare zani ta ratso.

Muryarta muka fara ji tun daga bakin darbejiya. “Ina mai gidan nan? Ina sarkin alkawari a rediyo? Kai noman farkonka ba ya ƙarewa ne? Wake zai zauna jiranka?”

Ta shigo zaure da ƙulli a ka, zaninta jiƙe har gwiwa, tana dariya. Baffa ya miƙe. Sai ya durƙusa a gabanta har ƙasa, mutumin da ya shekara da shekaru bai ce mata sannu ba, ya ce, “Yaya.”

Dariyar ta ɗauke. Ta dube shi, ta dube ni, ta leƙa tsakar gida ta hango Inna a zaune kan tabarma babu ɗankunne babu kwalli. Ta ce da Baffa, “Me aka yi kake gaishe ni?”

Shi ya faɗa mata. Ta girgiza kai ta ce ƙarya ne, jiya-jiya ta ji shi da kunnenta, ya ce yana nan lafiya lau. Ya gaya mata ranar da abin ya faru. Ta yi lissafi da leɓɓanta, sannan ta ce, “Ranar ai na yi kuka. Na zauna na yi wa sarki kuka har kaina ya yi ciwo.” Ta wuce ɗakin Baba da ƙullinta, ta zauna a bakin gadonsa, ta ƙi ci ta ƙi sha. Sanarwar rasuwarsa kuwa, har yau da nake rubuta wannan ban haɗu da wanda ya rantse ya ji ta ba.

Washegari da hantsi ta kira ni. Ta nuna ƙusa ta ce in sauko mata da rediyon. Na ce, “Gwaggo, me za ki ji a ciki?” Ta ce ai ana maimaita filin yau, ni da nake birni ban san komai ba. Na miƙa mata. Ta murɗa ba tare da ta duba ba, ta ɗora shi a kan matashinsa. Inna ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, Baffa yana bayanta. Muka saurari mutanen da ba mu sani ba suna gaida 'yan'uwansu, ɗaya bayan ɗaya, har aka zo kan tarin nan guda biyu.

Ya yi sallama, ta amsa masa cikakkiya. Ya ce yana gaida Yayarsa, ta ce, “Ina amsawa.” Ya ce ta ajiye masa irin wake, ta kwance ƙullin ta tura shi gaban rediyon ta ce, “Ga shi na kawo.”

Ya ce, “In na gama noman farko ina nan tafe.”

Gwaggo ta ɗora tafin hannunta a kan rediyon, kamar yadda ake dafa goshin yaro mai zazzaɓi. Ta ce, “A'a, yi zamanka. Ni ce mai zuwa.”