Inna Tela da Duƙushin da Ta Raina da Tef

Shekara talatin da ɗaya Inna Tela ta yi a gida ɗaya da doki, ba ta taɓa shafa ko gezarsa ba. Tsoro take ji, kuma ba ta ɓoyewa. Ɗakin ɗinkinta yana da taga mai kallon bargar da ke bayan gida, to iyakarta da dawaki ke nan: ta ɗaga kai ta ga maigidanta yana kwance wa goɗiyarsa kaya, ta mayar da ido kan allura. Shi keken doki yake tuƙawa, yana kai wa magina bulo da yashi, ita tana ɗinka wa matan unguwa riguna. Kowa da kekensa, ba mai shiga harkar wani.

Gajeriyar mace ce mai kaifin baki, kullum da tef ɗin awo a wuyanta. Ba ta yarda da ido ba sam. Ka ce mata jikanta ya girma, sai ta ce kawo shi ta auna. Mata nawa suka rantse mata sun rame, ta zagaya musu tef, ta faɗi lambar ba tare da ta rage ko rabin inci ba, suka fita suna hararar ƙofa.

Burin maigidan ɗaya ne, goɗiyar ta haifa masa magajinta kafin ya hutar da ita, don ta fara tsufa. Da ta ɗauki ciki sai ka ce shi aka yi wa bushara. Wata goma sha ɗaya goɗiya take ɗauka, ya ƙirga goma da yatsunsa, sannan ya kwanta ciwon kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa. Bayan sati uku goɗiyar ta haihu. Duƙushi ne namiji, ƙafafu zalau-zalau, har Inna Tela da ta leƙo ta taga ta ce wannan ai tsinke ne. Sunan ya bi shi.

Kula da bargar ya koma hannun Auta, ƙanin marigayin. Auta dai yanzu gemunsa ya yi fari, gyaran babur yake yi a bakin titi, kuma mutumin kirki ne, sai gaggawa. Da safe ya zo ya zuba harawa, ya miƙa wa goɗiya bokitin ruwa, ta kurɓa, ya ɗauke don kada ta kifar, ya tafi. Da yamma ma haka. Yadda yake zuba wa babur mai, haka yake shayar da ita.

Kwana goma da haihuwa abu ya fara lalacewa. Tsinke ba ya barin gindin uwarsa, ya tsotsa ya saki, ya tunkuyi hantsar, ya sake kamawa, ba ya kwanciya ya yi barci irin na ƙoshi. Haƙarƙarinsa suka fito ana ƙirgawa. Auta ya taɓa hantsar ya ji ta yamushe, ya ce magana ta ƙare, babu nono. Ya sayo nonon saniya da bulumbotin jarirai, Inna Tela da hannunta ta tafasa ta ɗura a bulumbotin ta miƙa masa, tana ganin taimako take yi. Kwana biyu Tsinke ya kama gudawa, wutsiyarsa ta jiƙe sharkaf, ya tsaya kai a ƙasa.

Nan Auta ya zo da shawara. Wai akwai wani dillalin dawaki da zai karɓi duƙushin, in ya rayu a hannunsa to, in ya mutu ba a gabansu ba. Ya ce ya riga ya yi masa magana, nan da sati uku zai zo da mota.

“Yaya, ba ki san doki ba, ni ma ba saninsa na yi ba,” in ji shi. “Gara ya tafi da mu zuba ido ya mutu mana a gida.”

Zuciyarta ta yi ƙuna. Wannan ɗan tsinken shi ne abu na ƙarshe da mijinta ya jira bai gani ba, a ce a jefa shi bayan mota kamar tsohuwar katifa? Auta yana fita ta ja takalmanta ta shiga bargar, karo na farko a rayuwarta, bakinta yana addu'a. Goɗiyar ta dube ta, ta hura hanci, ta ƙyale ta. Inna Tela ta zare tef ta zagaya ƙirjin Tsinke ta bayan ƙafafun gaba, inci talatin. Ta rubuta a bango da allin ɗinki. Washegari talatin, jibi ma talatin, har da ɗan sako-sako.

Sai ta sa aka kira likitar dabbobi, wata yarinya mai dogayen takalman roba, wadda Inna Tela ta taɓa ɗinka wa kayan makaranta. Likitar ta duba uwa ta duba ɗa, ta ba Tsinke magani, sannan ta yi musu faɗa cikin ladabi. Ta ce nonon saniya ya yi wa cikin duƙushi nauyi, na goɗiya tsararo ne mai ɗan zaƙi. A jefar da bulumbotin, a riƙa ba shi nonon akuya kaɗan-kaɗan a kwano sau da yawa, amma kada a ƙosar da shi har ya daina neman uwarsa, don tsotson ne yake kiran nono. A ƙara wa uwar dusa da harawa mai kyau. Daga nan ta tambayi bokiti nawa goɗiyar take sha. Auta ya ce biyu, su ma ba ta shanyewa. Likitar ta riƙe baki. Ta ce mai shayarwa irin wannan ai biyar ma ba su yi mata yawa ba, a bar ruwa a gabanta kullum.

Aka girke mata baho cike da ruwa. To ga ruwa, amma goɗiya ta ƙi. Ta sa baki ta jiƙa leɓe ta ɗago, ta tsaya tana kallon ƙofa. Inna Tela, da yake ba ta yarda da ido ba, ta tsoma tef a bahon da safe, ta sake tsomawa da la'asar, ta ga inci uku kacal ya ragu. Ta koma ɗakin ɗinki ta zauna, ta kasa taka keke. Tana kallon bargar ta taga sai ta ji gidan ya yi mata shiru da yawa, kuma nan take ta gane abin da babu.

Fito ne. Marigayin bai taɓa shayar da goɗiyar nan baki rufe ba. Yakan tsaya a gefenta, hannu a wuyanta, yana yi mata wani fito da baki a hankali, gajere biyu dogo ɗaya, har sai ta ƙoshi. Shekara da shekaru fiton nan yana shiga kunnen Inna Tela yana ba ta haushi, sau nawa ta leƙa ta ce masa babba da shi yana abin yara. Yanzu ga shi ta tuna shi tsaf, kamar jiya aka yi.

Matsalar ɗaya ce, ba ta iya fito ba. Mace mai shekara sittin ba biyu, ga giɓi a gaba. Ta tsaya gefen baho tana tsuke baki tana hurawa, iska kawai take fita, har da yawu. Wata mai karɓar ɗinki ta same ta a haka, ta koma ta baza a unguwa wai rashin miji ya taɓa Inna Tela. Ta ji, ko a jikinta. Auta ya gwada nasa irin na kiran yaran gareji, goɗiyar ta kwantar da kunnuwa ta juya masa baya. Kwana uku Inna Tela tana hura iska, kumatunta har ciwo suke yi.

Rana ta huɗu da hantsi sautin ya fito, siriri, a karkace, amma shi ne: gajere biyu, dogo ɗaya. Kunnen goɗiyar ya juyo. Ta matso, ta sunkuya, ta sa baki a ruwa ta fara sha, maƙogwaronta yana motsi a ƙarƙashin tafin Inna Tela. Sai kuka ya ƙwace wa matar, kukan da ta riƙe tun ranar jana'iza. Fito ya tsaya, goɗiya ta ɗago tana jira, ruwa yana ɗiga daga bakinta. Dole ta share hawaye da gefen mayafi ta ci gaba da hurawa, har bahon ya yi rabi.

Likitar da ta ji labari ta ce wataƙila ba fiton kaɗai ba ne, tsayuwar ce da rashin gaggawa. Inna Tela ta ce ta rubuta duk wanda ta ga dama a takardarta.

Sau shida a yini take barin ɗinki ta je ta yi fito. Hantsar ta fara cika, Tsinke ya fara tsotsa ya saki da kansa, ya miƙe a ƙasa ya yi barci rashe-rashe. Allin bango ya motsa, talatin da rabi, talatin da ɗaya. Ranar da dillali ya iso da motarsa, Tsinke yana zagaye uwarsa da tsalle, ya kifar da kwanon nonon akuya don ya daina kula shi. Inna Tela ta tsaya a ƙofar barga, tef a wuya, ta nuna wa Auta bangon.

“Karanta da kanka, Auta. Sannan ka ba baƙonka haƙuri, ya ƙona mai a banza. Ɗan gidan nan ba inda za shi.”

Auta ya karanta, ya cire hula ya sosa ƙeya, ya raka dillali waje yana dariya.

Ba ta daina awon ba. Lambobi suka cika bango ɗaya suka tsallaka na biyu. Bayan shekara biyu da 'yan watanni, wata safiya ta jefa tef ta bayan Tsinke, sai da ta yi ɗage, Auta ya miƙo mata ɗaya bakin ta ƙasa. Ta ja, ta sake ja. Tef ɗin inci sittin ne, ya auna amare da masu ciki da manyan mata ba adadi, bai taɓa gazawa ba, amma ranar bakinsa biyu suka ƙi haɗuwa, saura faɗin yatsa huɗu.

Ta daɗe tana kallon ratar, daɗi ya cika ta. Can ta ce, “Da yayanka yana nan, yau da ya yi min dariya har ya faɗi.” Ta rataya tef ɗin a ƙusar da marigayin yake rataye ragama, ta je bakin baho ta tsuke baki, uwa da ɗa suka sunkuya tare.