Farar Rigar da Na Sa wa Hannu

Shekara biyar, rumfar doya ɗaya cikin biyun da na mallaka, da yardar da na yi wa babban ɗana. Abin da na zuba ke nan a karatunsa na jami'a, kuma ranar da na ga inda suka tafi ba za ta taɓa fita raina ba.

Ni ban yi boko ba, amma yaron ya koya mini sunayen da ɗalibai ke kiran kansu da Turanci. Shekarar farko ya ce shi firesha ne, wato sabon shiga. Da ya kai ƙarshe ya ce fainal yiya. Nakan ɗauki kalmomin nan in kai kasuwa in yi wa 'yan'uwana dillalai burga.

Wata Juma'a ya shigo gidanmu a Tudun Wada da farar riga duk rubutu. Ya ce al'adar masu gamawa ce, kowa sai ya sa maka hannu. Ya miƙo mini alƙalami: "Baba, na bar maka wajen ƙirji." Na rubuta masa addu'a da ajami. Washegari na yanka rago, na tara unguwa.

Ana cikin ci sai ga wani manomi ya kawo mini doya, tare da 'yarsa da suke aji ɗaya da yaron. Ba ta san dalilin taron ba. Ta durƙusa ta ce, "Baba, Allah ya ba shi sa'a baɗi. Sifil-oba ba mutuwa ba ne."

"Wane ne kuma sifil-oba, 'yata?"

Ta dubi yaron, ta dubi naman. "Wanda 'yan ajinsu suka fita suka bar shi. Na ɗauka kun sani."

Yaron bai musa ba. Ashe ya faɗi jarrabawar wasu kwasa-kwasai, kuma ya sani tun kafin ya sayi rigar. "Baba, kunya na ji."

"Ka ji kunyar mutum ɗaya, ka bar ni na tara unguwa?"

Na biya masa shekarar, ya gama, takardar shaidar digirinsa tana rataye a falo. Wannan ce ribar. Rumfar ba ta dawo ba, amma ba ita ke cina ba. Har yau duk abin da ya gaya mini sai na tambayi wani. Darasin da na ɗauka shi ne, wanda ya koya maka sunan mai shiga da na mai fita, ka tambaye shi sunan wanda ya maƙale a tsakiya.