Azumin da Ihsan ta ɓoye mini

Assalamu alaikum. Tun kafin ƙaramar salla ban rubuta komai a nan ba, kuma da gangan na yi shiru. Yau zan yi magana, wanda abin ya taɓa ya yi haƙuri.

'Yata Ihsan shekararta tara, tana da farfaɗiya tun tana rarrafe. An canza mata magani har na daina riƙe sunayensu, faɗuwar ba ta tsaya ba. Daga baya wata diktora, likitar yara, a Madani ta ɗora ta kan abincin da suke kira kito: mai da yawa, ƙwai, man shanu, nama kaɗan, ganye. Ba asida, ba kisra, ba dabino, ba sukari ko a bakin cokali. Komai sai na auna a sikeli.

Faɗuwar ta ragu ƙwarai. Amma kun san garinmu. Yaro ba ya wuce siniya, babban farantin abinci, a ƙi kiransa, kuma ba ya ƙin zama. Ni na hana tawa zama. Sai aka ce ina da rowa, aka ce boko ya shiga kaina. Matan da muke shan jabana, wato gahawa, tare da hantsi suka daina leƙowa. Babanta yana gonakin bayan Damazin, sai a waya. Ni da ita muka rage, tana cin nata a ƙaramin kwano, tana jin hayaniyar yara ta bayan katanga.

Da azumi ya kama, sai na ga yarinyar ta sake. Tana tashi sahur tare da ni, ta sha maganinta, ta tafi makaranta da gorar ruwa da kwanonta, ta dawo da su wayam. Na ɗauka ci take yi.

Ashe ruwan a gindin dogon yaro take zubarwa, abincin kuma kajin maƙwabciyarmu Hajja Batula ke cinyewa, da saninta. Azumi take yi, a wannan zafin da kuka sani.

Ta fara yawan barci. Sai amai, sai numfashi sama-sama kamar wadda ta yi gudu. Wata rana bayan azahar ta riƙe kwiɓinta tana kuka, fitsarinta ya fito ja.

A asibitin Suki suka sa mata dirib suka ce mu wuce gaba. Ni kaɗai na riƙe ta a mota. Awakina biyu suka tafi a kuɗin hanya da gwaje-gwaje.

A mustashfa, babban asibitin Madani, an ɗebi jini, an ɗebi fitsari, an yi hoton ciki. Diktora ta ce sukarinta ya faɗi, jininta ya yi tsami, kuma akwai tsakuwa a ƙoda. Ta ce: "Ya hajja, abincin nan da ma yana iya kawo tsakuwa. In aka haɗa shi da ƙishirwa, ga abin da ake samu. In tsakuwar ba ta fita ba, dole mu dakatar da shi."

Na san abin da dakatarwa ke nufi. Na sha ɗauko ta daga ƙasa da leɓe a fashe.

Sauran gadajen kowa da 'yan'uwansa, ana shigo da kuloli da magariba. Ni ruwan famfo na sha na buɗe baki, a tsaye, ina kallon ɗigon dirib.

Da ta ɗan farfaɗo na tambaye ta, da faɗa, me ya sa ta yi mini haka.

Ta ce: "Inna, a azumi kowa ba ya ci. Ba a gane ni."



Allah ya sa tsakuwar ƙarama ce, ta fita da ruwa da magani. An rage man kaɗan, an ƙara wani magani da ake narkawa a ruwa, ba a dakatar da abincin ba.

Muna dawowa na shiga gidan Hajja Batula. Ta ce: "Wallahi yarinya ce ta ce tana son lada, ni sa mata albarka kawai na yi." Na ce: "Hajja, kin girme ni, amma Allah bai ɗora wa mara lafiya azumi ba, balle yarinya. Kin ga tana zubar da ruwa, kin ɓoye wa uwarta." Ban jira shayi ba.

Ga masu yaro irin tawa: kada ku fara abincin nan don kun gani a waya, sai da likita mai bibiya. Ruwa, ruwa, ruwa. A yi gwajin fitsari da jini a kan lokaci. Amai, yawan barci, ciwon kwiɓi ko canjin fitsari, ku kama hanya nan take. Kuma ba azumi, ko na rabin yini. Ku kuma maƙwabta, yaron wani ba wurin neman ladarku ba ne.

Na gode wa Allah, da diktora, da wata sista, ma'aikaciyar jinya, da ta bar mini kujerarta.

Shekaranjiya Hajja Batula ta yi sallama da ƙwai a gefen mayafi. Ta ce in nuna mata yadda ake auna abin. Na auna, ta soya, ta zuba a siniyarta, ta zauna a tabarma ta kira Ihsan.

Ihsan, da ke kiranta Habboba, wato kaka, ta ce: "Da ni za ki ci, Habboba?"

"To da wa? Matso, kafin ya huce. Kai, wannan mai haka!"