Shekarata ta Farko a Birni

A Jidda aka haife ni, a can na yi shekara ashirin da shida. Mahaifina ɗan Damagaram ne. Ya je aikin hajji yana saurayi, ya zauna yana ɗinki har Allah ya karɓi ransa. Mahaifiyata ta riga shi da daɗewa. Bayan rasuwarsa takardun zamana suka mutu, aka ce in koma ƙasarmu, ƙasar da ban taɓa gani ba. Jirgi ya sauke mu a Yamai, na yini cur a mota kafin na iso Zinder, wato Damagaram.

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita ta tarbe ni a tasha. Ta rungume ni tana kuka tana kiran sunansa. Ni kuwa ta saman kafaɗarta ina kallon wata akuya tana cin kwali. Na san ya kamata in yi kuka. Na nema a cikina, ban samu ba.

Gidanta yana cikin Birni, tsohuwar unguwar garin, ginin ƙasa ne mai kaurin bango. Kwana uku mata suna shigowa. Kowacce sai ta ce, "Barka da zuwa gida." In ce yauwa. Idan na manta na ce shukran, sai a yi dariya, a ce 'yar Makka ta fara. Hausarsu ita ce tawa, amma cike take da kalmomin da ban sani ba. Makaranta lakwal ce, wutar lantarki kuran, wurin aikin gwamnati buro. Ban tambayi ma'anar komai ba. Ina bari ne har abin ya bayyana kansa.

Duk abin da aka nuna mini na koya. Na koyi durƙusawa idan zan gaida manya, da jan gaisuwa har ta kai ga gajiya da iyali da ƙurar hanya. Famfon tsakar gida yakan yi kwanaki bai ɗiga ba, sai na koyi wanka da rabin bokiti, in tara ruwan wanki don yayyafa wa ƙasa. Na ci tuwon hatsi da miyar kuka. Gwaggo takan tsura mini ido ta ce, "Ya yi miki daɗi?" In ce ya yi. Ba ƙarya na yi ba, ba kuma gaskiya na faɗa ba. Bakina ne kawai ba ya faɗa mini komai. Wata huɗu ban zazzage akwatina ba. Ɗaya-ɗaya nake zaro kaya, in wanke, in mayar.

Wata safiya Gwaggo ta kai ni buro don a yi mini takardar ɗan ƙasa, da dattawa biyu masu shaidar sun san mahaifina. Ma'aikacin ya yi mini magana da Faransanci. Da ya ga ban gane ba, ya juya Hausa.

"Ina aka haife ki, Hajiya?"

"Jidda."

Ya ɗago kai. "To, me ya kawo ki nan?"

Babu wulaƙanci a muryarsa, mamaki ne kawai. Gwaggo ce ta amsa: "Gidan ubanta ta zo."

Ya miƙo takarda in sa hannu. Na rubuta sunana da Larabci, daga dama zuwa hagu. Ya duba, ya murmusa, ya turo mini tawada in dangwala. Tun ina shekara biyar nake karatu, amma na dangwala, na goge yatsan da gefen mayafina.

Da kaka ta yi, muka shiga ƙaramar mota zuwa Mirriya wajen Baffa, wan mahaifina. A garkarsa, wato lambunsa, muka same shi, ƙarƙashin mangwaro. Idonsa ya kusa rufewa, don haka ya ce in matso in yi magana ya ji. Na gaishe shi. Sai ya hau tambayata game da mahaifina.

"Wa ya yi masa wanka?"

Na gaya masa.

"An samu jama'a a sallar?"

"An samu, Baffa."

"Yana zancena kuwa?"

Sau ɗaya na taɓa jin mahaifina ya ambace shi, shi ma a kan wata tsohuwar rigimar gona. Na ce, "Yana yi." Tsohon ya rufe fuska da hannun riga ya yi ta kuka kamar yaro. Na zauna kusa da shi ina kallon tururuwa tana jan ƙwayar dawa. Da za mu tafi ya sa aka sara mini rake mai yawa.

A mota, raken yana kan cinyata, Gwaggo ta ce, "Tun da kika zo ban ga hawayenki ba."

"Ban iya ba, Gwaggo."

Ta daɗe tana kallon gonakin da aka girbe. Sannan ta ce, "To, bar shi. Ba wanda ya sa miki rana."

Ba ta sake tayar da zancen ba har ta rasu. Ni kuma na zauna. Daga baya aka ɗauke ni koyar da 'yan mata a wata islamiyya da ke unguwar Zango, na yi aure, na haihu. Ba zan iya nuna ranar da na saba ba, ban ma tabbata na saba ɗin ba.

Abin da nake tunawa shi ne wata yamma a ƙarshen shekarar farko. Na fito cefane, wata baƙuwa da goyo ta tsayar da ni tana tambayar hanyar unguwar majema. Na ce ta miƙe har babban dutsen nan, ta bi lungun hagu, idan ta ji warin fata ta iso. Ta yi godiya ta wuce. Na ɗan tsaya a cikin rairayi ina jira ko zan ji wani abu. Da ban ji ba, na tafi na sayo yakuwa.